Jan Layi a Ƙarƙashin Kalma: Inda Masu Buga Takardu Ke Tuntuɓe

Masu buga katin biki da wasiƙun ƙungiya a shagunan kwamfuta na unguwannin Nima da Mamobi a Accra sun saba da shafi cike da jan layi. Manhajar duba kuskuren rubutu ce ke ja shi a ƙarƙashin kalmar da ba ta gane ba, amma sau da yawa ba laifinta ba ne. An bar ta a kan Turanci ana zuba mata Hausa, ita kuwa sai ta lalubo kalmar Turancin da ta fi kama da abin da ta gani, har ta ba ka Nina a madadin Nima. Ka zaɓi rubutun, ka sauya masa harshe. In babu ƙamus na Hausa a na'urar, kashe binciken a sashen Hausar kawai.

Babban kuskure shi ne danna kalmar farko da ta kawo. Manhaja ba ta san ma'ana ba, lissafi take yi: harafi nawa za a ƙara, a cire, a sauya, ko a juya, kafin wannan kalma ta zama waccan? Tun 1964 Fred Damerau ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na kuskuren rubutu irin wannan ne, na taku ɗaya, kuma a 1965 Vladimir Levenshtein ya fitar da hanyar auna tazarar. To a Hausa taku ɗaya ba wasa ba ne. Tsakanin gida da giya harafi ɗaya ne tak. Maɓallin Change All kuwa, mai sauya kalmar duk inda ta fito, a bar shi sai an karanta ko'ina.

Sai haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. Nan ne mu 'yan zango muka fi shan wahala, don da yawanmu a Gana ba ma bambanta k da ƙ a magana, kunne ba zai cece mu ba. Ka rubuta "baki sun iso" kana nufin baƙi, ba jan layin da zai fito, domin baki ma kalma ce. Haka kafa da ƙafa, haka kasa da ƙasa. Wannan sai idon mutum. Amma inda kalmar ba ta cikin ƙamus, ana iya koya wa manhaja. Hunspell, mai duba kuskuren rubutu da manhajojin LibreOffice da Firefox ke aiki da shi, yana da fayil biyu, na .dic mai jerin kalmomi da na .aff mai dokoki. A cikin na biyun akwai layin MAP, inda za ka shaida masa cewa k da ƙ 'yan uwa ne, d da ɗ ma haka. Layin REP kuma na kuskuren da aka saba yi ne, kamar sa s a gurbin ts. Da an yi haka, wanda ya buga "karshe" zai ga ƙarshe cikin shawarwarin farko.

Akwai kuma masu danna Add to Dictionary don kawai jan layi ya gushe. A shagon da yara uku ke karɓa-karɓa a kwamfuta ɗaya, ba a daɗewa ƙamus ya cika da gurɓatattun kalmomi, manhajar ta riƙa miƙo su a matsayin gyara. A riƙa buɗe jerin ana sharewa, a bar sunayen unguwanni da na mutane da aka tabbatar.

Alamar da ke gaban 'ya'ya da 'yan ma Word kan juya ta baibai, a zatonta zance za a buɗe. Da ta juya, danna Ctrl da Z nan take, za ta miƙe.