Yadda na wanke sunana a rajistar masu bashi da kaina

Bara na je wani banki neman jarin naira miliyan ɗaya don in ƙaro kaya a shagona na kayan waya da ke Farm Centre, Kano. Takardu sun cika, masu tsaya mini sun sa hannu. Bayan mako biyu ma'aikaciyar ta juyo mini da fuskar kwamfutarta ta ce, "Alhaji, ai ana binka bashi." Ashe naira dubu 18 ce da na ranta a wata manhajar waya tun 2021. Na biya rabi, wayar ta ɓata, na shafa'a. Da kuɗin ruwa da tara ta kai dubu 40 da ɗoriya. Ranar na dawo gida jikina a sanyaye.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma yanzu a rubuce yake, kuma a manne da lambar BVN ɗinka. Kamfanoni uku ne Babban Bankin Najeriya ya ba lasisin tattara wannan bayani: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Bankuna da masu ba da rance suna aika musu labarin wanda ya biya da wanda ya yi shiru. Har bankunan da ba sa harkar ruwa suna dubawa kafin su saya maka kaya ta murabaha, wato su sayo su sayar maka da riba ka biya daga baya.

Fara da neman rahoton bashinka daga waɗannan kamfanonin rajista. Dokar 2017 kan bayanan bashi ta ba ka damar karɓarsa kyauta sau ɗaya a shekara, kuma ana nema ta shafukansu na intanet da BVN. Nemi na duka ukun, domin ni a biyu kawai bashin ya fito. Ka buga a takarda, ka zauna da biro, ka bi layi-layi: wa ke binka, nawa ne, yaushe aka buɗe. Sai ka raba gida biyu, wanda ka san naka ne da wanda kuskure ne.

Wanda yake naka, babu wata dabara sai biya, kuma haƙƙin mutane ne. Amma ana sasantawa. Na kira kamfanin manhajar da ke bina na ce, "Na zo biya ne, a cire mini tarar." Sau uku muna ja-in-ja kafin muka tsaya a dubu 25. A nan ne mutane ke yin sakaci, don haka ka kula sosai. Kada ka tura ko kwabo sai sun rubuto maka abin da aka amince a kai, ko da ta imel ne. Ka biya cikin asusun kamfanin, ba na wani wakili da ya kira ka a waya ba. Ka adana rasit. Sannan ka matsa sai sun ba ka takardar shaidar cewa ba sa binka komai, da tambarinsu a jiki. Tawa tana cikin leda a durowar shago tare da takardun haya. Ba don ita ba da na sake biya, domin bayan wata guda na duba, har lokacin sunana na nan a jerin waɗanda ba su biya ba. Kamfanin ne bai aika sabon bayani ba. Na tura hoton takardar ga su da kamfanonin rajistar, aka gyara.

Idan kuskure ne, bashin da ka riga ka biya ko wanda wani ya ci da sunanka, rubuta ƙorafi ga mai ba da rancen da kamfanin rajistar a lokaci guda, ka haɗa da shaidarka. Idan banki ne kuma wa'adin warware ƙorafin ya wuce bai warware ba, kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. Manhajojin rancen da ke tura wa 'yan'uwanka saƙon cin mutunci kuwa, hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ake kai su.

Akwai masu cewa ka ba su kuɗi su goge maka suna daga "sistem". Don Allah kada ka ba su. Wani maƙwabcina a kasuwa ya ba da dubu 30 da lambar BVN ɗinsa, bai sake jin ɗuriyar mutumin ba. Ba a goge bayanin gaskiya. Abin da ke canzawa shi ne a rubuta an biya. Guduwa ma ba ta fisshe ka, tunda daga 2020 akwai tsarin GSI da ke ba banki damar cire kuɗinsa daga asusunka na wani bankin idan ka sa hannu a kai lokacin karɓar rance.

Saura haƙuri. Tarihin jinkirin yana ɗaukar shekaru a rahoton, sai dai sabon hali yana rinjayarsa a hankali. Na daina neman rance nan da can, na karɓi ƙaramin kaya na dubu 150 a biya wata shida, ina biya kwana biyu kafin ranar. Na sa ƙararrawa a waya kowane 23 ga wata. Da na koma bankin bayan azumi, dubu 600 suka amince da ita, na karɓa na sari caja da batura.