Shawara Kan Kalmar "Leverage" Ga Masu Cinikin Kuɗi Ta Intanet

'Yan'uwa, duk wanda zai shiga cinikin kuɗaɗen waje ko na kirifto ya kamata ya san kalmar Turancin nan "leverage" kafin ya zuba jarinsa. Asalinta daga kanikanci ne: idan notin taya ya ƙi kwancewa, bakanike yakan zura dogon bututun ƙarfe a sifana, sai ɗan ƙarfinsa ya ninku.

A harkar kuɗi kuwa, ana nufin yin ciniki da kuɗin aro a kan ɗan jarinka. Idan manhaja ta nuna 1:100, naira 10,000 za ta juya hajar naira miliyan ɗaya, amma da zarar farashi ya sauka da kashi 1 cikin 100, jarinka ya ƙare ƙurmus, domin yadda riba ke ninkuwa haka asara ke ninkuwa. Bankin Lehman na Amurka ma, da ya durƙushe a 2008, kadarorinsa sun ninka jarinsa kusan sau 30, wato mafi yawansu da kuɗin aro ya mallake su.

Don Allah ku rage adadin "leverage" ɗin tun kafin ku fara, ku kuma tuntuɓi malamai game da kuɗin ruwan da ake cirewa idan ciniki ya kwana.