Yadda za ki kula da jariri mai ƙarancin G6PD

Ɗan ƙanwata da aka haifa nan Agege kwanansa 3 a duniya idonsa ya koma rawaya, tsofaffin gidan suka ce ai shawara ce kawai a dinga fito da shi hantsi, sai da ya daina kama nono muka ruga asibiti aka sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila kwana da kwanaki, gwaji ya nuna ƙarancin G6PD. Tambayar farko da nas ta mana ita ce kuna sa kafur a kayansa? Wallahi akwatin cike yake da shi.

Shi G6PD wani sinadari ne, inzayim ake ce masa, yana cikin jajayen ƙwayoyin jini, shi ke samar da abin da ake kira NADPH wanda ke kare ƙwayar daga lalacewa. Sauran ƙwayoyin jiki suna da wata hanyar samun wannan kariya amma jar ƙwaya ba ta da ita, to in ya yi ƙaranci kuma wani magani ko ciwo ya taɓa ta sai ta fashe, abin da ya fito daga ciki shi ke rina ido. An gano wannan ƙarancin a 1956 wajen binciken maganin maleriya primaquine, kuma kusan mutum miliyan 400 ke da shi a duniya. Ba sikila ba ne. Gado ne ta ƙwayar halitta ta X, wadda namiji ke da guda ɗaya mace kuma biyu, shi yasa ya fi kama maza, kuma ɗa namiji daga wajen uwa yake ɗauko shi, don Allah kar wannan ya zama abin gori ga mace, ita ma gadonsa ta yi.

Ki fara da fidda kafur daga gidan gaba ɗaya, har na bayi, kayan da suka daɗe da shi a wanke su sosai a shanya a rana, don ko ƙamshin kaɗai yana shiga jikin jariri. Man zafi mai mentol kar ya je kusa da cibiyarsa. Sai lalle, nasan wannan zai ba wasu mamaki, amma kar a shafa wa jaririn ko ɗigo, ana samun fashewar jini ta dalilinsa.

Magani kuwa nan ne muka fi sakaci, a Legas kowa kemis ɗin bakin layi yake zuwa. Septrin, primaquine, dapsone, nitrofurantoin, duk kar a ba shi sai likita ya san da matsalar. Ki rubuta G6PD da manyan baƙi a katin asibitinsa, ki faɗa wa duk mai rubuta magani tun kafin ya ɗau biro. Waken fava da Larabawa ke ful da shi ma ba nasa bane.

Kullum da safe ki kai shi bakin taga ki duba farin ido da dasashi, ki danna goshinsa da yatsa ki ga launin da ya fito. In rawaya ta bayyana, ko fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, ko yana ta barci baya tsotso, ranar nan za ki tafi asibiti ko da gosulo ya kai ina, hantsi da ruwan gulukos basa maganinta, kuma in ta hau kai tana barin kurumta ko shanyewar jiki har abada.

Abu ɗaya da likita ya jaddada mana, in an yi gwajin lokacin da jini ke fashewa ko bayan ƙarin jini yana iya nuna lafiya lau alhali ba haka bane, saboda sababbin ƙwayoyi suna da sinadarin da ɗan dama, tsofaffin ne ke rasa shi. Sai a maimaita bayan kamar wata 3. Namu yaron yanzu yana rarrafe, Alhamdulillah, kayansa kuma turaren wuta ma nesa da shi muke yi.