Yadda ake auna damuwar tsohon soja da hoton ƙwaƙwalwa

A asibitocin tsoffin sojoji na Amurka akwai mutanen da suka dawo daga Biyetnam ko Iraƙi ko Afganistan shekara da shekaru, amma har yau ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai su zabura, ga rashin barci ga mugun mafarki. Ciwon nan shi ake kira PTSD, a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa shi a kundinsu na cututtuka.

In za a auna shi, ba da na'ura ake farawa ba, zama ake yi da mutum. Likita zai masa tambayoyi guda 30 na wata takardar gwaji da ake kira CAPS-5 don a san zurfin ciwon, a kuma tambaye shi ko bam ya taɓa tashi kusa da shi, ko yana shan giya, don duk waɗannan suna canza abin da hoto zai nuna.

Daga nan sai maganar ƙarfe, kuma wallahi nan ba wajen wasa ba ne. Injin MRI da ake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar da shi ƙaton maganaɗisu ne, soja kuwa zai iya yawo da ɓurɓushin bam ko harsashi a jikinsa ya ma manta da shi, injin ya motsa ƙarfen ko ya ɗumama shi. In akwai shakka a fara ɗaukar eksire. A kuma gaya masa tun a waje cewa ramin injin da zai kwanta a ciki matsattse ne kuma injin yana ƙara kamar ana buga ƙarfe, a ba shi abin toshe kunne da ɗan abin matsawa a hannu in yana so a tsaya.

Hoton farko na siffar ƙwaƙwalwa ne, ana duba girman hifokamfus, sashen da ke riƙe tunawa. Binciken wani likita, Douglas Bremner, na 1995 ya samu na ɓangaren dama ya fi ƙanƙanta da kusan kashi 8 cikin 100 a tsoffin sojojin yaƙin Biyetnam masu ciwon, in aka kwatanta da na waɗanda ba su da shi.

Na biyu shi ne fMRI, wanda ke bin yadda jini mai iskar oksijin ke kwarara lokacin da ƙwaƙwalwa ke aiki. Shi sojan da kansa zai ba da labarin ranar da abin ya faru, a naɗi ɗan gajeren sauti, a kunna masa yana kwance a ciki, sannan a kunna wani labarin na yau da kullum a kwatanta, ana kuma auna bugun zuciya da gumi. Galibi amigdala, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro, tana tashi sosai, shi kuma gaban ƙwaƙwalwa da ya kamata ya taka mata birki sai ya yi sanyi. Gaskiya wannan matakin yana da nauyi, dole likita ya zauna da shi bayan ya fito har hankalinsa ya kwanta.

Wajen karanta sakamako a bi a hankali. A 2002 wani mai bincike, Mark Gilbertson, ya duba tagwaye, ɗaya ya je yaƙi ɗaya bai je ba, sai aka ga in wanda ya je yaƙin yana da ciwo mai tsanani, ɗan'uwansa da bai je ba shi ma hifokamfus ɗinsa ƙarami ne, ke nan wataƙila tun kafin yaƙin haka yake. Kuma bambancin nan tsakanin rukuni da rukuni ake ganinsa, hoton mutum ɗaya ba ya tabbatar da ciwon, shi ya sa ba a jiran hoto kafin a fara masa magani.