Darasi na Tara: Zaɓen Jirgin Ƙasa Daga Bakin Teku Zuwa Birni

Wani matafiyin burinsa kawai ya isa. Wani kuma so yake ya kashe kwarkwatar ido a hanya. Wannan darasi na mutum na biyun ne.

Fara da jadawalin tasha. Yawanci da lissafin awa 24 ake rubuta shi. Idan ka ga 08:00, ƙarfe takwas ne na safe. Idan ka ga 20:00, cire 12, saura takwas, wato takwas na dare. Kuskure a nan yana da tsada. Da duhu ya yi, aka kunna fitilun tarago, gilashin taga ya zama madubi. Fuskarka za ka yi ta kallo har gari ya waye.

Ɗauki layin Mombasa zuwa Nairobi a ƙasar Kenya, wanda aka buɗe a 2017. Tsawonsa kimanin kilomita 470 ne, kuma yana ratsa gandun dajin Tsavo. Fasinjan rana kan hangi giwaye da jakunan dawa daga kujerarsa. Fasinjan dare ya biya kuɗi, ya bi ta gandun nan, bai ga ko wutsiya ba.

Jirgin da ya baro teku hawa yake yi, don ƙasa tana ƙara tudu in ana nisa da ruwa. Wannan hawan ne ke canja abin kallo. A Norwe, layin Bergen zuwa Oslo, da aka gama a 1909, yana tashi daga bakin ruwa har tashar Finse, mita 1,222 sama da teku. Cikin awa bakwai ko kusa da haka, mutum ya ga ruwa, ya ga tsaunuka masu dusar ƙanƙara, ya ga kurmi.

Amma fa duwatsu suna zuwa da ramuka. Layin da ya haɗa Bar, a gaɓar tekun Montenegro, da Belgrade, babban birnin Serbia, yana da ramukan ƙarƙashin dutse 254 da gadoji 435. Kyau kam akwai shi, sai dai kana cikin kallon kwazazzabo duhu zai rufe ka. Tambayi mai sayar da tikiti game da yawan ramukan hanya tun kafin ka biya.

Sai kujera. Nemi ta bakin taga, sannan ka duba taswira ka ga ko teku yana hannun dama ne ko hagu. A dawowa zai koma ɗaya hannun, mutane da yawa suna manta wannan.

Gwada da kanka: jirgi ya tashi 15:00, tafiyar awa 7 ce, rana kuma tana faɗuwa 18:00. Ƙarfe nawa zai isa birni? Awa nawa za ka yi ba ka ganin waje?