Yadda na gyara dusu-dusun da nake gani a Kaza da 'Ya'yanta

Tun watan Disamba nake ɗora wa hazo laifi. Duk daren da na ɗaga tabaran hangen nesa, mai lamba 10x50 (wato yana ƙara girman abu sau 10, faɗin gilashin gabansa milimita 50), na auna Kaza da 'Ya'yanta, sai in ga taurarin sun yi dusu-dusu kamar an shafa musu mai. Ashe hunturu bai ci ba bai sha ba.

Idanuna ne ƙarfinsu ba ɗaya ba, kuma akwai wani zobe a bakin gilashin dama da aka yi don haka, ni ban taɓa murɗa shi ba. Na rufe gilashin dama da tafin hannu, na juya dabaran tsakiya har tauraro ya tsuke ya zama ɗigo a idon hagu. Sannan na rufe hagu, na murɗa zoben kaɗai. Shi ke nan. Inda ido ke ƙirga shida ko bakwai, sai ga gommai sun fito tar, haskensu ya yi tafiyar shekara wajen 440 kafin ya iso.

Saura rawar hannu. Na kwanta rigingine a tabarma, na kife waya, na ba ido minti 20 ya saba da duhu.

A Maris na samo wani cincirindon taurari da ake kira M44 ba wuya. Wani cincirindon kuma, M7, kusa da wutsiyar jerin taurarin da ake kira Kunama, sai Yuli, bayan ruwa ya wanke sama. A ganina daren damina ya fi na hunturu kyau, in gajimare ya yarda.