Tsatsa a shasin a-kori-kura: kurakuran da aka fi yi wajen gyara

Mai tsohuwar a-kori-kura ya san injin motarsa ciki da bai. Ya san ranar da ya juye baƙin mai, ya san ƙarar da giya ke yi in ta fara gajiya. Amma ka tambaye shi yaushe rabon da ya kwanta a ƙarƙashinta ya dubi shasi, sai ya yi shiru. Alhali dogayen ƙarafan nan biyu da suka taso daga gaba har baya su ke ɗauke da inji da bodi da kaya, da mutanen da ke zaune a kan kayan. A jikinsu aka ɗaure sifirin, a jikinsu aka ɗaure akwatin sitiyari. Inji in ya mutu, mota tsayawa take yi a gefen titi. Shasi in ya karye da lodi ana cikin gudu, sai dai a ce Allah ya kiyaye.

Kuskuren farko tun kafin a kai motar gareji ake yin sa, wato cewar da ake yi ai nan Arewa ƙasa busasshiya ce, tsatsa ta 'yan bakin teku ce. Motocin Kwatano da yawa da cutarsu suke zuwa. A Kanada da arewacin Amurka da wasu ƙasashen Turai gishiri ake watsawa a kan titi lokacin hunturu don ya narkar da ƙanƙara, ruwan gishirin nan ya shige cikin shasi ya kwana shekara da shekaru. Abin bai bar ko manyan kamfanoni ba. A 2008 Toyota ta yarda ta sayi motocin Tacoma ƙirar 1995 zuwa 2000 da tsatsa ta cinye wa shasi daga hannun masu su a Amurka. A 2016 kuma ta amince da sulhun da ya kai dala biliyan 3.4 a kan motoci kusan miliyan 1.5, Tacoma da Tundra da Sequoia. To, 'yan uwan waɗannan motoci wasu jirgin ruwa ya kawo mana su, an fesa musu baƙin fenti a ƙasa suna ƙyalli.

Wadda ta girma a nan ma ba ta tsira ba. Takin zamani da ya zube daga buhu, gishiri, kanwa, fitsarin shanu da tumaki ranar kasuwa, duk ta tsakanin bodi suke tsiyaya su sauka a kan shasi. Laka ta damina kuma ta cika cikin ƙarfen, ta riƙe laima har tsakiyar rani.

Daga nan sai dubawa da ido. Shasin motoci irin su Hilux rufaffe ne, kusurwa huɗu, cikinsa rami. Tsatsa daga ciki take cin sa, yadda gara ke cin azara ta bar bayanta sumul. Ido ba ya gano wannan, guduma ke ganowa. A wanke ƙasan motar da ruwa mai ƙarfi, a bari ta bushe, a ɗaga ta, sannan a bi shasin taki-taki ana bugawa. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi rau, guduma ta dawo maka. Wanda ya mutu sai ka ji bus, ya lotsa, ka kuma ji ɓawon tsatsa na zuba a ciki. Duk inda ka ji haka ka sa sukundireba ka danna da ƙarfi. Kada ka ji tausayinsa, wurin da sukundireba ta huda da ma ba ya ɗauke da komai. A fi matsa wa maratayan sifirin na baya, da inda shasi ya lanƙwasa a saman tayar baya, da bayan tankin mai, da mazaunin safaya, da wurin da shokozoba ta kama. Bayan tanki ne aka fi tsallakewa saboda ƙyuyar sauke shi, can ɗin kuwa laka ta fi samun wurin kwanciya.

Babban kuskure, wanda na fi jin takaicinsa, shi ne lafta faci a kan ruɓa. Mai mota ya zo yana sauri: "Oga, a ɗan ɗora mata ƙarfe kawai, gobe ina da lodin Dawanau." Mai walda ya yanko farantin ƙarfe, ya ɗora a kan hudar, ya zagaye shi da wuta, a shafa fenti. A ido an yi gyara. A gaskiya kwaskwarima aka yi, kuma an ƙara wa motar ciwo. Walda ba ta kama tsatsa, abin da ta kama shi ne ɗan siririn ƙarfen da ya rage, wanda zafin wutar ya ƙara raunana shi. Tsakanin sabon farantin da tsohon shasi kuma an buɗe wa ruwa maɓoya. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma, don haka tana kumbura ta riƙa tura facin waje har ta tsage waldar. Mafi muni, guduma ba za ta ƙara jin abin da ke faruwa a ƙarƙashi ba.

Gyaran gaskiya yankewa ne. A yanke ruɓaɓɓen wurin gaba ɗaya, a ci gaba da yanka har a iske ƙarfe fari mai cikakken kauri ta kowane gefe. Sau da yawa hudar da ta kai girman kwabo takan koma tagar da ta kai tafin hannu biyu, kuma nan ne mai mota ke fara ɓata rai. Ka yi haƙuri, Alhaji, girman ɓarnar ke nan tun asali, injin yanka bai ƙara komai ba. Tunda an buɗe, a kwashe lakar da ɓawon da ke ciki, a goge. Sannan a yi ma'auni da kwali, a yanko sabon ƙarfe daidai bakin tagar, ya zauna a cikinta ba a kanta ba. A fiƙe bakunan biyu su yi kwari, don wuta ta ratsa kaurin ƙarfen duka.

Siffar yankan ma magana ce. Idan mota ta ɗauki kaya, leɓen sama da leɓen ƙasa na shasi, wato shimfiɗaɗɗiyar fuskarsa ta sama da ta ƙasa, su suka fi shan wahala, tsakiyar bangon gefe ya fi samun sauƙi. Shi ya sa walda miƙaƙƙiya daga sama zuwa ƙasa, ko wadda ta gitta leɓe, take zama layin da shasi zai bi ya tsage. Waldar kanta ba ta cika karyewa ba, gefenta ne ke tsagewa, inda zafi ya sauya ƙarfen. Saboda haka a yi yankan a karkace, kusurwoyin tagar kuma a zagaye su, kada a bar lungu mai kaifi. In za a ƙara farantin ƙarfafawa a kan sabon gyaran, kuma a wurin da ke ɗaukar nauyi ya kamata a ƙara, kada a yi shi mai kusurwa huɗu. A yi shi da faɗi a tsakiya, ya tsuke a bakunansa biyu, ya zarce gyaran sosai ta gaba da ta baya, don nauyi ya riƙa sauka a hankali. A huda shi wuri-wuri a tsakiya a cike hudojin da walda. Haka nan duk hudar noti da za a yi, a bangon gefe ake yin ta, ba a leɓe ba.

Sai zaɓen ƙarfe. Wasu na ganin in an sa mai kauri ninki biyu an fi samun ƙarfi. Shasi an yi shi ne ya riƙa ɗan murɗawa a kan gargada. Ka ƙanƙare wuri ɗaya da ƙarfe mai kaurin gaske, murɗawar sai ta taru a bakin facin, nan ya tsage. A auna kaurin shasin a wuri mai lafiya, yawanci wajen milimita 3 ne a ƙananan motocin ɗaukar kaya, a nemo daidai shi ko wanda ya ɗara kaɗan. A Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ba a rasa sabon faranti. Rodin gini da guntun ƙyauren shago da ƙarfen gado ba kayan shasi ba ne.

Waldar ma ba kowace ba. Ta kabayid tana gasa wuri mai faɗi, ta bodi ce, a bar wa fanel bita. Ta lantarki ake so, hannun da ya ƙware kuma ya riƙe ta, domin mai haɗa tagogi da ƙofofi daban, mai shasi daban. Sandar walda mai lamba 6013 da aka saba aikin ƙofa da ita ba ta ratsawa sosai. Mai lamba 7018 ta fi dacewa da wurin da ke ɗaukar nauyi, da sharaɗin a ajiye ta a bushe, don tana shan laima. In wutar lantarki ta yi ƙasa, a dakata ko a tada janareta mai ƙarfi. Ka sa a karkaɗe ɓawon ka duba da kanka. Walda mai kyau a kwance take, ta narke cikin ɓangarorin biyu. Wadda ta yi tudu-tudu da ƙananan ramuka, ɗorawa kawai aka yi. A riƙa yi kaɗan-kaɗan ana canza gefe don kada zafi ya karkatar da shasin, kuma kada wanda ya kwara mata ruwa don ta yi saurin hucewa, ƙarfen gautsi zai yi. Sababbin motoci kuwa da manyan tireloli, wasu shasinsu na ƙarfe ne na musamman da kamfani ke hana a sa masa wuta, a duba kafin a taɓa.

Akwai wanda zai yanke shasi motar na tsaye a kan tayoyinta, ko a kan jak ɗaya da bulo. Da an yanka sai nauyi ya sauke gefe guda, a ɗinke shi a haka. Daga ranar motar a karkace take tafiya, tana cin taya ta gefe ɗaya, a yi ta kai ta saitin ƙafa a banza. A sauke kaya, in da hali a ɗaga bodin baya, a tokare shasin da matokaran ƙarfe gaba da bayan wurin yankan, a kan daɓe mai daidai. A ja tef daga wata huda ta gaba a hagu zuwa ta baya a dama, a sake ja daga dama zuwa hagu. Awon biyu su zo ɗaya, bambanci kada ya wuce milimita 3 ko kusa da haka. A rubuta, a sake aunawa bayan an ɗiga waldar riƙo, kafin a ɗinke gaba ɗaya.

Maganar wuta ba ta son dogon bayani. A sauke tanki a kai shi nesa, wanda babu mai a ciki ma ya fi haɗari saboda tururin fetur. A janye bututun mai da na birki da wayoyi. A cire kan batir, a motoci masu kwamfuta a zare ta. Wayar da ake maƙalawa a jikin ƙarfe a sa ta dab da wurin aiki, don kada lantarki ya bi ta cikin boris ya ƙona shi. Bututun birkin da ya yi tsatsa tare da shasin a canza shi a lokacin.

Wani kuskuren kuma, in an gama walda sai a shafe da kwalta ko baƙin fenti a kan datti. Kwalta in ta tsage ruwa take riƙewa a bayanta. A goge ƙarfen ya yi fari, sauran tsatsar sama a shafa mata maganin da ke mayar da ita baƙa, a sa jan fentin nan na ƙasa, sannan na sama. Cikin shasin da wuta ta ƙone fentinsa shi aka fi mantawa, daga nan kuwa tsatsa ke sake tashi. A fesa masa mai ko kakin hana tsatsa ta hudojinsa, a buɗe hudojin tsiyayar ruwa da laka ta toshe.

Wani shasin kuma ya wuce faci. In guduma ta huda wurare da yawa a ƙarafan biyu, ko ruɓar ta kai mazaunin sitiyari da ƙafar gaba, ko mai walda ya rasa lafiyayyen wurin da zai kama, to a nemi wani shasin ko a haƙura da motar. Wanda zai sayi shasi na hannu ya tafi da gudumarsa, ya karɓi rasit. Lambar shasi kuma, wadda aka buga a jikin ƙarfen, kada a yanke ta, kada a rufe ta da faci, kada a goge ta da inji. Ita ce a takardun kwastan da na rajista. In ruɓar ta kai kusa da ita, ko za a canza shasin gaba ɗaya, a ɗauki hotonta, a je ofishin rajistar motoci a sanar kafin mai walda ya kunna wuta.